Bin sawun amibar da ke cin ido, daga fitilar likita zuwa gindin randa

Gyambon ido da aka shafe mako uku ana ɗiga masa magani bai ko gezau ba, shi ake turo mana ɗakin gwaji da 'yar takarda mai cewa a nemo amiba. Kafin mai shi ya iso, galibi ya zaga kemis biyu ko uku, an matsa masa ruwan ganye a gida, wani ma an ranbaɗa masa kwalli wai ya tsotse zafin. Mafi yawan irin wannan gyambo a wajen manomanmu fangas ne ko bakteriya, amiba kaɗan ce ƙwarai. Sai dai ita ba ta nuna kanta a farantan da aka saba shuka ƙwayoyin cuta a kai. Wanda bai tashi da niyyar nemanta ba, ba zai gan ta ba, ido kuwa yana can yana lalacewa.

Sunanta Akantamiba. Halitta ce mai ƙwayar rai guda, ba ta buƙatar jikin mutum don ta rayu. Tana cikin ƙasa da taɓo da ruwan gulbi, tana cikin tankin gida da bakin famfo da ƙurar da iska ke kwasowa, abincinta bakteriya. Kama biyu gare ta. In ta samu laima da abinci, tana yawo tana ci tana rabuwa biyu, girmanta mikiron 15 zuwa 45, mikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. In wuri ya bushe ko ta ji magani, sai ta dunƙule ta yi wa kanta ƙwanso mai bango biyu, mikiron 10 zuwa 25. Wannan ƙwanso shi ne tushen duk wahalarmu. Kulorin da ake zuba wa ruwan famfo ba ya kashe shi, fari ba ya kashe shi, an ga wanda ya yi shekara 20 a bushe ya kuma farfaɗo da ya ji ruwa. Tun 1930 wani likita mai suna Castellani ya ci karo da ita a ɗakin gwaji, amma sai farkon shekarun 1970 aka fara ba da rahoto daga Amurka da Ingila cewa tana cin koniya, ɓawon nan garai-garai da ya rufe baƙin ido. Tana da 'yan uwa, Vermamoeba da Vahlkampfia, da ake samu jefi-jefi a irin wannan gyambo, hanyar nemansu ɗaya ce da tata.

A Turai da Amurka, kusan kashi 85 cikin ɗari na masu wannan ciwo masu maƙala lens ne a ido, wato ɗan siririn gilashin roba da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido. A Indiya ba haka ba ne, yawancinsu manoma ne da haki ko ƙasa ta faɗa wa ido suka wanke da gurɓataccen ruwa. Namu ya fi kama da na Indiya, ko da yake lens ɗin kwalliya da ake sa wa amare ya fara kawo nasa kason.

Wanda zan bi da ku ta kansa manomin shinkafa ne daga fadamar Rima. Aikin farko ba da wuƙa ake yin sa ba, da baki ne.

"Baba, mi as sami idon?"

"Ƙaiƙayi ne, likita, wurin shiƙa."

"Da mi kaw wanke shi?"

"Da ruwan lambatun nan na gona. Da na zaka gida na ƙara da na randa."

Tambaya ta biyun ita ake yawan tsallakewa, kuma ita ce ta fi muhimmanci. Koniya mai lafiya amiba ba ta iya kama ta cikin sauƙi, kusan kowa ya sha haɗuwa da ita a wanka da alwala ba abin da ya same shi. Sai ɓawon ya ƙuje, ko da ƙujewar ba ta kai a gani ba, sannan ruwa mai amiba ya bi ta wajen. Bayan wannan muna sa mai jinya ya zazzage ledar magunguna a kan tebur, a duba kwalba ɗaya bayan ɗaya. Abin da muke nema shi ne sitiroyid, kamar dekzametason ko betametason, da ake haɗawa da maganin bakteriya a kwalba guda. A ledar Baba akwai shi. Ya ce da ya fara ɗigawa ido ya yi sanyi, ja ya ragu, bayan 'yan kwanaki ciwon ya dawo da ƙarfinsa. Haka yake yi: yana kwantar da sojojin jiki, amiba ta samu fili, har ma yana taimaka mata fitowa daga ƙwanso.

A fitilar duba ido, likita yana ɗiga fulorosin, rinin nan mai haskawa kore, don a ga iyakar inda ɓawo ya ɗaye. A makonnin farko amiba tana saman koniya, tana yin ɗige-ɗige da wasu layuka masu rassa, abin da ke sa a ɗauke ta ciwon hafis, wanda ƙwayar bairos ke kawowa, a yi ta ba da maganinsa asaikulobiya a banza. Alamar da ta fi nuna ta ita ce fararen zare-zare da ke bin jijiyoyin koniya daga tsakiya zuwa gefe, su ne kuma ke kawo azabar da ta fi ƙarfin abin da ake gani. In ta nutsa ciki, sai a ga farin zobe ya kewaye tsakiyar ido. Na Baba zoben ya fara haɗuwa. Kada dai a jingina da zafi kaɗai. Littattafai sun cika cewa zafinta ya wuce misali, amma a manoma da ke zuwa a makare akan samu wanda zafinsa bai fi na gyambon fangas ba.

Sai kankara. In ido zai jure, likita yakan dakatar da duk wani ɗigo na yini ɗaya tukuna. Ana kashe zafi da tetirakain, wanda ba a sa masa sinadarin adanawa ba in da hali, domin sinadarin na iya hana ƙwayoyi tsirowa. Mai jinya ya dafe kan maras lafiya a jikin fitila, a ware fatar ido, likita ya ɗauki aska mai lamba 15 ya kankaro gefen gyambon da gindinsa, ba farin kwantsar da ke sama ba, wannan gawar sojojin jiki ce kawai. Inda koniya ta yi siriri ba a taɓa shi, ana iya fasa ido. Ni ina tsaye a gefe da faranti a buɗe, saboda abin da aka kankaro bai kai ƙwayar gero ba, in aka ce a ɗauka a tsallaka tsakar asibiti da shi a zafin Sakkwato, kafin a kai ya bushe. Kowace kankara da sabuwar aska: ɗaya a gilashin gwaji, ɗaya a farantin amiba, sauran a farantin jini da na Saburo don bakteriya da fangas, domin sukan haɗu a ido ɗaya. Kankarar ma magani ce, tana kwashe ɓawon da amiba ta cika, tana buɗe wa ɗigo hanya.

Gilashin farko muna ɗiga masa sinadarin KOH mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari, a rufe da ɗan siririn gilashi, a jira minti goma ya narkar da naman, a duba a madubin da ke ƙara girman ƙananan abubuwa. Fangas yana fitowa zare-zare mai gaɓoɓi. Ƙwanson amiba yana fitowa da bango biyu, na waje a yamutse, na ciki mai kusurwa-kusurwa. Inda ake da madubi mai hasken fuloresan, rinin kalkofulo yana sa ƙwanson ya yi ƙyalli, aiki ya yi sauƙi. Rinin Gimsa ma yana nuna shi, amma mai yawon tana kama da wasu ƙwayoyin jiki, idon da bai saba ba yana wuce ta. A gilashin Baba ba mu ga komai ba, kuma wannan ba ya wanke ido daga zargi.

Farantin amiba shi ne aikin da ya fi son haƙuri. Ba a sa masa abinci ko kaɗan, da gangan, don kada bakteriya su mamaye shi. Ruwan gishirin Page ake fara haɗawa: a lita ɗaya ta tataccen ruwa, sodiyam kulorayid giram 0.12, magniziyam salfet giram 0.004, kalsiyam kulorayid giram 0.004, daisodiyam fosfet giram 0.142, fotasiyam fosfet giram 0.136. A zuba garin aga, wanda ke sa ruwa ya daskare, giram 15, a turara a otokilef, tukunyar tururi mai kashe ƙwayoyin cuta, digiri 121 na minti 15, a zuba a faranti ya daskare. Sannan a shafa masa bakteriyar E. coli siriri, ita ce abincin amibar. Muna kashe ta tukuna a ruwa mai digiri 60 na awa ɗaya, don ta zauna inda aka sa ta. In shafin ya yi kauri ba a ganin komai ta cikinsa. In farantin yana da jiƙa lokacin da aka shuka, ƙwayoyi na tafiya da ruwan, ba a san inda aka fara ba. A tsakiya ake ajiye abin da aka kankaro, a zagaye wurin da alƙalami ta bayan faranti, a naɗe bakin da tef.

Zafin digiri 30 amiba take so. A nan ne garinmu ke da nasa sharaɗi. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi na haura digiri 40, in wuta ta ɗauke inkubeta, akwatin da ke daidaita wa faranti zafi, ta zama tanda, aga ya tsattsage, amiba ta shige ƙwanso kafin ta yaɗu. Muna sa faranti a cikin roba mai murfi tare da jiƙaƙƙiyar auduga, a ajiye a ɗakin da ya fi sanyi. Da hunturu matsalar ta juye: zafin ɗaki ya yi daidai, amma ƙura tana ɗauke da ƙwanson amiba da irin fangas, farantin da aka bari a buɗe minti biyu yana iya tsirar da abin da bai taɓa shiga idon kowa ba. Shi ya sa kowane zubi muke ware faranti ɗaya na shaida, mai E. coli kaɗai, a buɗe shi a rufe tare da sauran. In shi ma ya tsira, sakamakon ranar duka ya zube. Ban yarda a rubuta wa likita an samu amiba ba tare da wannan farantin ba, domin rubutun nan wata shida na magani mai zafi yake ɗora wa mutum.

Kullum ana dubawa, ba tare da an buɗe ba: a kifa farantin a ƙarƙashin madubi, da ƙaramin ido mai ninki 10. Kafin mako ya zagayo, a farantin Baba, sai ga wasu siraran hanyoyi sun fito daga da'irar alƙalamin suna karkacewa cikin shafin E. coli, kamar hanyar gara a jikin bango. A ƙarshen kowace hanya akwai ɗan ɗigo. In ka tsura masa ido ba ka ganin tafiyarsa, amma cikinsa akwai wani ɗan fili mai haske da ke kumbura a hankali, ya ɓace ɗif, ya sake tasowa. Jakar fitar da ruwa ce, kuma ita ke tabbatar maka rayayyen abu kake kallo, ba tarkace ba. Bayan 'yan kwanaki tsakiyar farantin, inda abinci ya ƙare, ta cika da ƙwanso, masu yawon suna can gefe. Faranti ba a yar da shi a ce babu sai ya cika mako biyu, wanda aka riga aka ɗiga wa magunguna ma mukan ƙara masa mako. Akwai gwajin PCR mai neman ƙwayoyin gadon amiba da kuma madubin konfokal da ke ganin ƙwanso a cikin idon mai rai, sun fi sauri, amma ba kowane asibiti ke da su ba. Faranti kuwa ko'ina akwai otokilef ana iya yin sa.

Likita bai jira faranti ba, tun ranar kankara ya fara magani bisa abin da ya gani. Maganin da ke ratsa ƙwanso iri biyu ne: kulohekzidin kashi 0.02 cikin ɗari, ko PHMB kashi 0.02, wani lokaci a haɗa da furofamidin ko hekzamidin kashi 0.1. A 2024 Tarayyar Turai ta amince da PHMB mai ƙarfin 0.08 da aka yi musamman don wannan ciwo, amma a nan kulohekzidin ya fi samuwa, kuma mai haɗa magunguna na asibiti ne ke tsarma shi. Daga mai ƙarfin kashi 20, ninki dubu ake tsarmawa, hawa biyu: mililita 1 a cikin 9 ya ba da kashi 2, sannan mililita 1 na wannan a cikin 99. Da ruwan allura ake yi, ba ruwan gishiri ba, domin gishiri na sa shi guda-guda. A tace, a zuba a kwalbar da aka turara, a rubuta kwanan wata. Wannan ba aikin gida ba ne, ba na kemis ba ne. Kulohekzidin da ake ba masu jego su shafa wa cibiyar jariri kashi 7.1 ne, ya ninka na ido sau ɗaruruwa, yana ƙone koniya. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi bayan an makantar da jarirai a ƙasashen Afirka da dama ta hanyar ɗiga shi a ido bisa kuskure. Duk wanda muka ba kwalba muna gaya masa wannan a gaban mai jinyarsa, don suna ɗaya ne.

Awa 48 na farko ɗigo duk awa ne, dare da rana, don a cim ma masu yawo kafin su dunƙule. Shi ya sa ake kwantar da mutum, ko a samu mai jinya biyu su riƙa karɓa-karɓa da agogon waya. Sai kwana uku duk awa da rana kaɗai, sai duk awa biyu na mako uku zuwa huɗu, daga nan a riƙa ragewa gwargwadon yadda ido ya amsa. In ɗigo biyu ne, a bar minti biyar tsakani, in ba haka ba na biyu ya wanke na farko. Ana ƙara atirofin kashi 1 don ya saki jijiyar cikin ido, da maganin zafi na sha. Sitiroyid an ɗauke shi, in ma za a dawo da shi sai amiba ta sha magani aƙalla mako biyu, kuma likitan ido kaɗai ke yanke wannan.

Ana cikin haka muka bi ruwan. Daga gidan Baba da gonarsa aka ɗebo lita ɗaya-ɗaya a kwalaben da muka turara: na lambatu, na randa, na jarkar 'yan garuwa. Ruwan sama-sama ba shi ne abin nema ba. Amiba tana zaune a santsin da ke manne jikin mazubi, inda bakteriya suka yi gida, don haka da auduga mai sanda aka goge cikin randar daga ƙasa, da wuyan jarka. A ɗakin gwaji ana zuƙe ruwan ta matacin takarda mai ƙofa mikiron 0.45, a ɗauke takardar da hantsaki a kifa ta a kan faranti. Inda ba matacin, a juya mililita 50 a injin juyi a hankali, a ɗiga abin da ya kwanta. Ƙasar gona ɗan tsunkule ya isa. Waɗannan farantai fangas ne ke cinye su, sai an riƙa yanko ɗan yanki daga bakin da amiba ta fi nisa a kifa a sabon faranti, sau biyu ko uku, kafin a samu tsantsarta.

Lambatu ya tsira, santsin randa ya tsira, ƙasa ta tsira. Wannan bai ba mu mamaki ba, kuma bai nuna wanne ne ya shiga idon ba. Da za a goge randunan unguwar duka da tankunan roba da ke kan rufi, da yawa za su tsira. Ko a Ingila an danganta yawan ciwon da tankunan da suke ajiye ruwa a saman gidaje. Tabbatar da cewa amibar ido ita ce ta randa sai an gwada ƙwayoyin gadonsu an ga sun zo ɗaya, yawancin masu cin ido daga rukunin da ake kira T4 suke. Amfanin bin ruwan a wajenmu shi ne iyali su gani da idonsu, su daina wanke ciwon da shi. Na ga gidan da ake ɗiga magani duk awa, ana kuma goge kwantsa da tsumman da aka tsoma a randa.

Abin da muka bar musu kaɗan ne. Randa da jarka a riƙa juye su a cuɗe cikinsu da soso, ba a yi ta ƙara sabo a kan tsoho ba, tanki a rufe shi a kuma wanke. Alif yana kwantar da laka, ba ya kashe ƙwanso, tafasawa ke kashe shi. In haki ya faɗa ido kada a murza, a wanke da ruwan gishirin asibiti da ba a buɗe ba, ko tafasasshen ruwa da ya huce a rufe, in gari ya waye da zafi a nufi asibitin ido. Wurin shiƙa da sussuka, tabaran ƙura ma ya wadatar. Banda guda ɗaya: in siminti ne, ko farar ƙasa, ko ruwan batir, ko maganin feshi ya fallatsa a ido, ba a jiran tafasasshen ruwa, a kwarara duk ruwa mai tsabta da ke kusa nan take na tsawon lokaci, domin ƙunar ta fi amiba gaggawa. Mai lens kuma ta cire shi kafin alwala da wanka da barci, kada ruwan famfo ko fiya wata ya taɓa shi ko gidansa, kada a karɓi wanda aka sa wa wata amarya. In irin wannan ta zo da ciwo, gidan lens ɗin da ruwan cikinsa muna shuka su tare da abin da aka kankaro.

Inda aka fi faɗuwa shi ne wata na biyu. Maganin kansa yana da zafi, yana sa ido ja, yana hana ɓawo saurin rufewa, sai mutum ya ga kamar ƙara masa ciwo ake yi. Ga kuɗin mota daga Goronyo ko Wurno, ga gona na jira. Wani kuma akasin haka ne, zafi ya tafi ya ɗauka ya warke ya ajiye kwalba, alhali ƙwanso na kwance a cikin koniya. Bambance jan magani da jan amiba aikin likita ne a fitila, wani lokaci sai ya rage ɗigo na 'yan kwanaki ya gani. Kowane zuwa ana auna faɗin gyambo da milimita a rubuta, a auna nauyin ido, domin hawan ruwan ido da yana sukan biyo baya. Magani yakan kai wata huɗu zuwa shida, wani ya shekara.

Idon Baba ya tsira, amma zoben ya bar hakiya a tsakiya, yana ƙirga yatsu ne kawai da shi. Wanda aka kama tun tana saman ɓawo yakan koma gani kusan kamar da. Gyaran irin wannan hakiya dashen koniya ne, koniyar dashe tana da wuyar samu a ƙasar nan, kuma ba a yin sa sai ido ya yi watanni shiru bayan an tsayar da magani, in ba haka ba ƙwanson da ya rage a gefe ya farka ya cinye sabuwar. Bayan tsayar da ɗigo ana ci gaba da ganinsa lokaci-lokaci, an kuma gaya wa ɗansa cewa in zafi ko gudun haske ya dawo, kada a buɗe tsohuwar kwalba, a kawo shi a sake kankara.